Ta yaya zakara zai bar 'yan wasansa su tafi kyauta? Tambaya kan kasuwar 'yan wasan NFL

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana cin raina, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda suka riga ni sanin ƙwallon Amurka da shekaru masu yawa. Ni sabon shiga ne, domin ban fara bin wasan ba sai a shekarar 2022, lokacin da hukumar NFL, mai shirya babbar gasar wasan a Amurka, ta kawo sansanin horonta na farko a nahiyar Afirka nan Accra, aka kuma ba ƙungiyar Philadelphia Eagles damar tallata kanta a Ghana. Wani abokina ya tsinto mini koriyar rigarsu a cikin dilar gwanjo a Kantamanto, daga ranar na zama ɗan Eagles tun kafin in gane yadda ake ƙirga maki.

Daren 9 ga Fabrairun 2025 mu bakwai ne muka cunkushe a shagon wani tela a unguwarmu, aka tura keken ɗinki gefe, aka ɗora ataya, muka zuba wa wasan ƙarshe na Super Bowl ido tun ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare har kusan asuba. Mun doke Kansas City Chiefs da maki 40 da 22, kuma duk wanda ya kalli wasan ya san cewa 'yan tsaron gaba ne suka yi aikin, musamman Josh Sweat da Milton Williams, waɗanda suka hana mai jefa ƙwallon Chiefs, Patrick Mahomes, sakat har ya rasa inda zai sa kansa.

Wata ɗaya kacal bayan haka, ranar Litinin 10 ga Maris, na fito daga sallar la'asar na duba waya, sai labarai suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Milton Williams ya tafi New England Patriots a kan dala miliyan 104 na shekara huɗu, Josh Sweat ya tafi Arizona Cardinals a kan dala miliyan 76 da 'yan kai, shi kuma mai tsaron baya Darius Slay ƙungiyar da kanta ta sallame shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne an ce ko sisi ba a biya Eagles ba. A ƙwallon da muka tashi da ita, lokacin da Arsenal ta so Thomas Partey a 2020 sai da ta ajiye wa Atletico Madrid yuro miliyan 50. Ko a nan gida, ba na jin Hearts ko Kotoko za su ɗaga kofi yau, gobe su tsaya suna kallo jaruman wasan su kama hanya. To, shin sakaci ne na shugabannin ƙungiyar, ko kuɗi ne babu, ko kuwa akwai wata ƙa'ida da ban sani ba? Don Allah a warware mini.

Baba Aboabo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin in ba ka amsa bari in faɗa maka wanda ke magana da kai, don ka san cewa ina yi ne da ciwo a zuciya. Na yi shekaru masu yawa ina tuƙin tasi a New York, a unguwar Bronx inda mutanenmu na zango suka yi yawa, kafin in dawo Kumasi in zauna, kuma tun can nake goyon bayan ƙungiyar New York Giants. Saboda haka in ana maganar ɗan wasa ya tafi kyauta, mu ne ya kamata a yi wa jaje, ba ku ba. Zan dawo kan wannan.

Ba sakaci ba ne, kuma ba talauci ba ne. Abin da ya raba NFL da ƙwallon Turai shi ne iyakar albashi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma kowace shekara ana yanke adadin da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba wajen lissafin albashin 'yan wasanta, adadi ɗaya ga kowa, ko mai ƙungiyar ya fi kowa dukiya a duniya. Da aka fara tsarin a 1994 adadin bai kai dala miliyan 35 ba. A 2024 ya kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Yana hawa ne saboda an ɗaure shi da kuɗin da gasar ke samu, galibi daga gidajen talabijin, shi ya sa ma ya sauka a 2021 zuwa miliyan 182.5 bayan annobar korona ta rufe filaye. Za ka ga kamar kuɗin na da yawa, amma ka tuna cewa mutum 53 ne za su ci daga tukunya ɗaya, ban da 'yan horo da masu jinya, kuma mai jefa ƙwallo shi kaɗai yana iya kwashe kaso mai tsoka. Jalen Hurts naku ya sa hannu a kan dala miliyan 255 na shekara biyar a 2023. Idan ka ba wannan, ka ba masu kama ƙwallo biyu, ka ba 'yan layin da ke kare shi, to dole wani ya ga ƙasan tukunya.

Abu na biyu shi ne yadda ɗan wasa ke samun 'yancinsa. Wanda aka ɗauko daga jami'a ta hanyar zaɓen sabbin 'yan wasa yana sa hannu ne a kan kwantiragin shekara huɗu mai araha, wanda an riga an ƙayyade farashinsa, in kuma a zagayen farko aka ɗauke shi ƙungiya na da zaɓin ƙara shekara ta biyar. Idan ya cika kaka huɗu kuma kwantiraginsa ya ƙare, ya zama mai 'yancin kansa, duk wanda ya fi tayi shi zai ɗauka. Milton Williams an ɗauke shi a zagaye na uku a 2021, ya yi muku shekara huɗu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya yi fice a daren da duniya ke kallo, sannan ya fita kasuwa. Ba a sayar da shi ba domin ba na Eagles ba ne kuma. Ko a Turai ai haka ne tun hukuncin Bosman na 1995, bambancin kawai shi ne can ƙungiya kan yi sauri ta sayar kafin kwantiragi ya ƙare, a nan kuwa ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda ka sani, sai dai musaya da wani ɗan wasa ko da gurbin zaɓe. Wa zai yi musayar mai tsaron gabansa ana tsakiyar neman kofi?

Wannan 'yanci ma bai daɗe ba. A 1993 aka fara shi bayan doguwar shari'a tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi, kuma babban wanda ya fara cin moriyarsa daga gidanku ya fita, wato Reggie White, wanda ya bar Philadelphia ya koma Green Bay, ya kuma ɗaga kofi a can. Ka ga ashe ciwon ya girme ka.

Yanzu in dawo kan nawa ciwon. Giants ta ɗauki mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley a gurbi na biyu a zaɓen 2018. A 2023 shugabanninmu suka zuba wa mai jefa ƙwallonmu Daniel Jones dala miliyan 160 na shekara huɗu, suka riƙe Barkley na shekara ɗaya kawai, a 2024 kuma suka bar shi ya fita kasuwa bisa lissafin cewa mai gudu da ƙwallo yana saurin tsufa, bai cancanci manyan kuɗi ba. Ku kuka ɗauke shi a kan dala miliyan 37.75 na shekara uku. Ya yi gudun yadi 2,005 a kaka ɗaya, ya ɗaga kofi, mu kuma muka ci wasa uku cikin 17, har shi Jones ɗin aka sallame shi a Nuwamba. Ita kasuwar da ta ɗauke muku Sweat da Williams, ita ce ta kawo muku Barkley, kuma a ranar ban ji ɗan Eagles ko ɗaya yana kukan cewa ba a biya Giants ba.

Hajiya Akanta, Madina, ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni aikina lissafi ne, kuma gaskiya ta wannan ƙofar na shiga son wasan, domin watan Maris a NFL ya fi kama da rufe littafin shekara a ofis fiye da wasan motsa jiki. Ina so in ƙara abu ɗaya da zai taimaka wa ƙanina mai tambaya ya gane batun Slay, wanda ya bambanta da na sauran biyun.

Da farko, kada adadin da jaridu ke bugawa ya ruɗe ka. Idan aka ce wane ya sa hannu a kan miliyan ɗari na shekara huɗu, ba yana nufin zai karɓi miliyan ɗari ba. Abin dubawa shi ne nawa aka lamunce masa ko da an sallame shi. Yawancin kwantiragin NFL ba a lamunce su gaba ɗaya, don haka shekarun ƙarshe sau da yawa ado ne kawai a takarda, ƙungiya na iya yanke ɗan wasa kafin a kai gare su ba tare da ta biya ba. Wanda ya fita daban shi ne Deshaun Watson, da Cleveland Browns ta lamunce wa dala miliyan 230 cif a 2022, kuma yadda abin ya kaya ya sa sauran masu ƙungiyoyi sun ƙara ƙanƙame jakarsu.

Sai kuma dabarar kuɗin sa hannu. A ce ƙungiya ta ba ɗan wasa miliyan 50 a hannu ranar da ya sa hannu a kan kwantiragin shekara biyar. Kuɗin sun shiga aljihunsa nan take, amma a littafin iyakar albashi ana raba su ne miliyan goma goma a shekara biyar. Wannan shi ke ba ƙungiya sararin numfashi a yau. To amma in ta sallame shi bayan shekara biyu, miliyan 30 da suka rage ba sa ɓacewa, suna faɗowa ne a kan littafin, su cinye gurbi alhali mutumin ba ya nan. Wannan shi ake kira mataccen kuɗi. Ya yi kama da 'yar adashin da ta kwashi nata a zagayen farko, kuɗin sun tafi biki, amma zubi na nan yana jiranta kowane mako.

Misalin da ya fi kowanne girma zuwa 2025 shi ne na mai jefa ƙwallo Russell Wilson. Denver Broncos ta karɓo shi daga Seattle a 2022, ta ba da gurabun zaɓe masu daraja da 'yan wasa, ta kuma tsawaita masa kwantiragi a kan dala miliyan 245 tun bai buga mata wasa ko ɗaya ba. Bayan kaka biyu ta ga ba za ta ɓulle ba, ta sallame shi a Maris 2024, ta ɗauki mataccen kuɗi na dala miliyan 85, wanda ta raba gida biyu, 53 a 2024 da 32 a 2025. Shi kuwa ya tafi Pittsburgh Steelers a kan mafi ƙarancin albashi, dala miliyan ɗaya da ɗan ɗori, domin Denver ce ke biyan kusan dukkan albashinsa na shekarar. Abin mamaki, Denver ɗin ta ɗauko matashi Bo Nix a zaɓen 2024, ta kuma kai wasannin fitar da gwani a wannan kakar duk da nauyin da ke wuyanta. Ni a ganina darasin akanta ne tsantsa: asarar da ta riga ta auku, gara a rubuta ta a wuce da a ci gaba da zuba kuɗi a rami don jin kunya.

Shugaban harkokin 'yan wasa na Eagles, Howie Roseman, yana cikin waɗanda suka fi kowa amfani da wannan dabara ta tura nauyi gaba. Yana biyan manyan 'yan wasansa da wuri, ya mayar da yawancin kuɗin na sa hannu, har ya ƙara wasu shekaru na bogi a ƙarshen kwantiragi waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don kawai a sami inda za a baza lissafin. Dabarar tana tafiya ne muddin iyakar albashi na hawa kowace shekara, domin bashin jiya yana ƙanƙancewa a cikin babbar tukunyar gobe. Amma tana da farashi, kuma farashin shi ne abin da ka gani a makon nan. Slay ya haura shekara 34, ga kuma matasa biyu da aka ɗauko a zaɓen 2024 suna wasa a ɓangarensa, Quinyon Mitchell da Cooper DeJean, wanda ya cafke ƙwallon Mahomes a wasan ƙarshe ya ruga da ita har gida a ranar zagayowar haihuwarsa. Su biyun a haɗe ba su kai tsadar dattijo ɗaya ba. Kuma ka lura cewa ba kowa aka bari ya tafi ba, an riƙe Zack Baun a kan miliyan 51 na shekara uku, an ƙara wa Barkley shekara biyu a kan miliyan 41.2, abin da ya mai da shi mai gudu da ƙwallo na farko da ya haura miliyan 20 a shekara. Zaɓi aka yi, ba sakaci ba.

Ɗan Asawase ya amsa:

Baba da Hajiya, ina neman afuwa, amma ina ganin duk kun kalli lamarin ne daga kujerar mai ƙungiya. Lissafinku daidai ne, ban musa ko ɗaya ba, sai dai tambayar da ɗan'uwanmu ya yi tana da wata fuska da ba a taɓa ba. Yana jin haushin an tafi ba a biya ƙungiya ba, ni kuwa abin da ke ba ni haushi shi ne tsawon lokacin da ɗan wasa ke jira kafin a bar shi ya tafi.

Mu ɗauki namu na gida, Ezekiel Ansah, wanda aka haifa a Accra, ya yi sakandare a Presec da ke Legon, ya tafi jami'ar Brigham Young bai taɓa sa hular wasan ba, amma cikin 'yan shekaru Detroit Lions ta ɗauke shi a gurbi na biyar a zaɓen 2013. A 2015 ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 14 da rabi, wanda a lissafin gasar nan ba ƙaramin abu ba ne. Da a ce a wannan shekarar ya fita kasuwa, da ya sami kwantiragin da jikokinsa za su ci. Amma ina, yana ɗaure da kwantiragin sabon shiga, ƙungiya ta ƙara shekara ta biyar, da ita ma ta ƙare a ƙarshen kakar 2017 sai aka ɗora masa tambarin riƙewa a 2018. Ga wanda bai sani ba, kowace ƙungiya tana da ikon ɗora wa ɗan wasa ɗaya wannan tambari a shekara, ta hana shi fita kasuwa, ta biya shi albashin shekara ɗaya da ake lissafawa daga na manyan masu wasa a matsayinsa. Ansah ya sami kimanin dala miliyan 17, ba wanda zai ce kaɗan ne, in ka juya su zuwa sidi ma sai kanka ya yi ciwo. To amma a wannan kakar kafaɗarsa ta samu matsala, ya buga wasanni kaɗan, da ya samu 'yanci a 2019 yana dab da shekara 30, sai kwantiragin shekara ɗaya ya samu a Seattle, bayan nan wani gajere a San Francisco, inda rauni ya sake katse shi. Shekara shida ana riƙe da shi, sai da jiki ya fara gajiya aka buɗe masa ƙofa.

Shi ya sa ni ba na ganin laifin Milton Williams ko kaɗan. Wasan nan karo ne da jiki, mutum na iya fita fili lafiya a dawo da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ku dubi Jeremiah Owusu-Koramoah na Cleveland, mai tushe a ƙasar nan, wanda kowa ya san shi da shigar kente da kayan gargajiya ranar wasa. Ya sa hannu a kan sabon kwantiragi a watan Agustan 2024, a Oktoba ya ji rauni a wuya, bai sake buga wasa ba a kakar. Da ya jinkirta sa hannu da wata uku kacal, wa zai ba shi abin da ya samu? Ƙungiya na iya yanke ka duk ranar da lissafi ya juya, kamar yadda Hajiya ta nuna, amma in kai ka bi kuɗi sai magoya baya su kira ka maci amana. Kuma iyakar albashin da ake yabo saboda tana daidaita ƙarfin ƙungiyoyi, kada mu manta ita ce kuma ke kare aljihun masu ƙungiyoyi daga junansu.

Ɗan Nima ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi gorin Barkley hannu bibbiyu, ba ni da bakin magana. Hajiya, misalin adashin nan ya zauna mini daram, domin mahaifiyata ta sha yin faɗa a kan irinsa. Ɗan'uwa na Asawase kuma ka sa na ji kunyar saƙon da na tura wa abokaina ranar Litinin, inda na kira Sweat da sunan da bai dace da mai azumi ba.

Saura abu ɗaya. Idan haka tsarin yake, ashe ƙungiyar da ta iya renon matasa ita ce kullum ke asara, tana shuka wasu na girbe? Kuma su waɗanda suka fi kowa kashe kuɗi a wannan mako, kamar Patriots, shin hakan na nufin su ne za a ji tsoro a kaka mai zuwa?

Baba Aboabo ya sake amsawa:

Ɗan Asawase ya faɗi gaskiya, kuma ban ƙi ta ba don ta fito daga bakin yaro. Zan ƙara masa da cewa tambarin riƙewa da ya ambata shi ne dai aka ɗora wa Barkley a 2023, don haka mu ma mun yi wannan aika-aikar.

Game da tambayarka ta farko, ba a bar mai reno hannu rabbana ba. Akwai abin da ake kira gurabun diyya. Idan 'yan wasan da ƙungiya ta rasa a kasuwar masu 'yanci sun fi waɗanda ta ɗauko yawa da daraja, hukuma na ba ta ƙarin gurabu a zaɓen shekara mai zuwa, daga ƙarshen zagaye na uku zuwa na bakwai, kuma ba a ba ƙungiya ɗaya fiye da huɗu ta wannan hanya. Ana duba girman albashin da ɗan wasan ya samu a sabon gidansa da yawan wasan da ya buga. Wanda ƙungiya ta sallama da kanta, irin Slay, ba ya cikin lissafin, amma Williams da Sweat suna ciki. Kenan a zaɓen 2026 ne za ku ga abin da ya dawo muku, in dai shugabanninku ba su goge shi da manyan saye-saye ba, kuma shi ya sa ka ga sun yi shiru a wannan mako suna ɗaukar mutane a kan kwantiragin shekara ɗaya. Baltimore Ravens ta daɗe tana cin abinci da wannan hanya. Gurbi a zagaye na uku ba zai yi maka kama da yuro miliyan 50 na Partey ba, amma ka tuna cewa daga wannan zagayen aka samo shi Williams ɗin, kuma duk wanda aka ɗauko zai yi shekara huɗu da araha.

Tambaya ta biyu kuwa, na ga Maris da yawa a rayuwata. Ƙungiyar da ke da sarari mai yawa a ƙarƙashin iyakar albashi galibi tana da shi ne saboda ba ta da 'yan wasan da suka cancanci a biya su, kuma Patriots wasa huɗu kacal ta ci a kakar 2024. Abin da ya ba ta dama shi ne mai jefa ƙwallonta, Drake Maye, yana kan kwantiragin sabon shiga, don haka kuɗin da wasu ke zuba wa mutum ɗaya ita tana iya raba wa biyar. San Francisco ta ci wannan moriya da Brock Purdy, wanda shi ne na ƙarshe da aka ɗauka a zaɓen 2022, gurbi na 262, ya kai su wasan ƙarshe yana karɓar abin da bai kai dala miliyan ɗaya ba a shekara. Da lokacin biyansa ya ƙarato a Maris 2025, ka ga yadda suka yi ta sakin manyan 'yan wasa.

Sayayya a Maris takan yi kyau, takan kuma ƙone hannu. Tom Brady ya bar New England ya koma Tampa Bay a Maris 2020, kafin shekara ta zagayo ya ɗaga kofi. A 2024 kuma Atlanta Falcons ta ba Kirk Cousins dala miliyan 180 na shekara huɗu, miliyan 100 a lamunce, bayan makonni shida ta ɗauki wani mai jefa ƙwallon, Michael Penix, a gurbi na takwas, kafin Disamba ta ƙare Cousins na zaune a benci. Ita kuma Kansas City da kuka doke ta yi musayar Tyreek Hill zuwa Miami a 2022 don ba za ta iya biyan abin da yake nema ba, magoya bayanta suka yi ta kuka irin naka, sannan ta ci kofi biyu a jere.

Abin da zan sa wa ido in ni ne kai shi ne zaɓen ƙarshen Afrilun 2025 a Green Bay. Ku ne na 32 a zagayen farko tunda ku ne zakarun kakar 2024, kuma kafin a zo kanku a agogonmu an kusa kiran assalatu. Mu Giants na uku muke, saboda haka ni zan ga namu in kwanta da wuri. In kun sake taruwa a shagon telan nan, ka tura mini sunan wanda Roseman ya ɗauka, zan gani in na tashi sallah.